Takalmin Hagu na Choji

Kwanakin baya wani saurayi ya kawo mini takalmin ƙwallo da bakinsa ya buɗe, ya tsaya a kaina yana latsa waya. Da na ce ya dawo gobe sai ya yi dariya, wai ai gam ne kawai zan shafa in danne, aikin da shi ma zai iya yi a ɗakinsa. Na miƙa masa gwangwanin gam ɗin na ce bismillah. Bai karɓa ba. Irinsa sun yi yawa yanzu. Sun ga dattijo zaune a kan benci yana hira, sai suka ɗauka hirar ce sana'ar. To ku matso ku ji, tunda kun iya komai.

Sunana Garba, amma a bakin fili Baba Shumeka ake ce mini, har waɗanda suka girme ni. Na tsufa ina gyaran takalman 'yan ƙwallo a jikin katangar filin wasa a nan Jos, yawanci na wata ƙungiya da ke buga babbar gasar ƙasa. Ba zan faɗi sunanta ba. Ni ba ma'aikacinta ba ne, ba ni da kati ba ni da riga, sai dai masu gadi sun san akwatina. Ranar wasa suna barina in shiga in zauna a bakin lungun da 'yan wasa ke fitowa, saboda ba a rasa wanda igiyarsa za ta tsinke ko ƙusarsa ta kwance ana shirin fita.

Aikin farko da aka ba ni a hannu ba ɗinki ba ne. A Gada Biyu na koya, wajen Baba Ilu, wanda shi ma ya gada ne daga mahaifinsa mai gyaran manyan takalman 'yan haƙar kuza. Wata da watanni ban yi komai ba sai murza zare a kakin zuma da wasa basilla. Baba Ilu yana da wata ƙa'ida da ta kori masa masu kawo aiki da yawa: ba ya karɓar takalmi ƙafa ɗaya. Ko ɗaya ne ya yage, sai ka koma ka ɗauko ɗan'uwansa. In mai shi ya tafi, sai ya kife su biyun a cinyarsa ya ce in duba inda suka cinye in gaya masa yadda mutumin ke tafiya. In na ce yana jan ƙafa alhali gwame ne, na sha ranƙwashi. Na sha da yawa. Sai da na fara cinka daidai kafin ya bar ni na huda fata, kuma har ya rasu bai taɓa ce mini na iya ba. Abin da ya fi yi shi ne ya juya aikina ya ajiye.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ba wanda zai ba ku sha'awa. Basilla, zare, ƙaramar guduma, magagari, wuƙar da na yanko daga tsohon zarto, da ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake kifa takalmi a kai. Sai ƙirgi, wanda nake saye wajen majema, kuma ina zaɓen na gadon bayan dabba ne, don na wajen cikinta saki yake yi. Gam ɗin da kuke rainawa ma yana da hali. Ba a shafawa a haɗa nan take. Sai ya sha iska har ka taɓa da yatsa bai bi ka ba, kuma a sanyin garin nan yana iya ɗaukar ninkin lokacin da zai ɗauka a wani wuri. Mai gaggawa zai haɗa da wuri, takalmin ya yi kyau a ido, ya buɗe a bugun farko.

Takalmin ƙwallo kuma daban yake da na zuwa ofis. Ana dukan abu da shi, ana murɗa shi, ana jiƙa shi a taka. Na mai cin ƙwallo ta gefen babban yatsa yake fara fashewa. Na mai tsaron baya ta dunduniya. Gola kuwa kan yatsu yake gogewa, don kullum yana jan ƙafa a layi. Lokacin da ake wasa a ciyawar Allah, ƙusoshin ƙarfe ake ɗaurawa a ƙasa in an yi ruwa, kuma aikina ne in bi su da magagari kada su yi kaifi su tsaga ƙafar ɗan mutane. Kafin kowane wasa 'yan wasa suna jeruwa a lungu, kowa ya juya baya ya ɗaga ƙafa, mataimakin alƙalin wasa ya bi yana shafa ƙasan takalmi da hannu. Wanda bai gamsu da shi ba, ba zai shiga fili ba.

Akwai kuma abin da ba a koyarwa da baki, wato riƙe sirri. Na ɗinke laya a harshen takalmin Musulmi, na ɗinke ƙyallen da fasto ya yi wa addu'a a na Kirista, ban taɓa gaya wa wannan na wancan ba. Na san wanda ke sa takalmin da ya yi masa kaɗan don ya ji ƙwallo, na san wanda farcensa ya ruɓe yana ɓoye wa koci. Amma duk cikinsu babu sirrin da ya yi mini nauyi kamar na Choji.

Choji ɗan Anguwan Rukuba ne, mai tsaron baya, dogo, marar surutu. Ranar da ya fara zuwa wurina sabon ɗauka ne, ya kawo na dama shi kaɗai, dunduniya ta ɓare. Na ce ya kawo ɗayan. Ya ce ɗayan lafiyarsa lau. Na ce to ya kai wa wani. Ya tafi ya dawo da shi a leda. Ina kifa su na ga abin. Na dama ya cinye ta ciki kamar wanda ke ɗaukar kayan mutum biyu, na hagu kuwa ƙusoshin gaba sun ƙare, na baya suna nan kamar sababbi. Na zura hannu ciki na zaro tsumman safa da aka ninke aka cusa a dunduniya.

Na ce, "Ɗana, ƙafarka ta hagu ba ta kai ta dama ba."

Ya waiga hagu da dama kafin ya durƙusa kusa da ni. Ya ce, "Baba, abeg, a hankali. Tun ina ƙarami ne. Na faɗi a ramin kuza, ƙafa na ya karye, an ɗaura bai zauna daidai ba. Mama na ne kawai ya sani."

Na ce me zai hana ya gaya wa likitan ƙungiya.

Ya ce, "In oga ya ji, shi ke nan. Wa zai ɗauki mai gajeren ƙafa? Ko na buga yaya, ranar da na yi kuskure ɗaya za su ce ƙafa ne."

Bambancin bai fi kaurin yatsa ba, amma kaurin yatsa a wasan minti casa'in ba ƙaramin abu ba ne, ƙugu da baya ne ke biya. Na ce ya riƙa sayen takalmin fata mai zurfin dunduniya. Na yanka ƙirgi hawa-hawa, na fere shi ya yi kauri a baya ya sirance zuwa tsakiyar tafi, na jiƙa, na sa ya taka a kai don ya ɗauki siffar ƙafarsa, sannan na manne shi a ciki na rufe da shimfiɗar takalmin. Daga waje ba ka ganin komai. Ya sa ya yi ɗan gudu zuwa ƙarshen katanga ya dawo, ya tsaya yana kallon ƙafafunsa. Bai yi godiya mai tsawo ba, ba halinsa ba ne. Amma daga ranar duk takalmin da ya saya, wurina yake fara kwana kafin ya taɓa ciyawa. Haka muka yi shekaru, ya zama ginshiƙin bayan ƙungiyar, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ba wanda ya sani sai uwarsa da matarsa da ni.

Sai kakar da nake kira mummunar shekara ta zo. Tun kafin a fara aka rufe filinmu, wai za a cire ciyawa a shimfiɗa ta roba. Rabin farko na kakar duk wasannin gida a wani gari aka buga su. Bakin fili ya mutu. Mai tsire ya tashi, mai rake ya tashi, masu keke suka daina tsayawa. Ni na zauna, ina gyaran silifa da takalman 'yan makaranta, ina sauraron wasa a rediyo. Abin da nake ji kuma ba daɗi: yau an sha kashi, gobe canjaras, jibi an sake shan kashi. Wasan gida ba tare da mutanen gida ba, ai sunansa kawai gida. Kafin a kai tsakiyar kaka muna can ƙasan tebur, cikin waɗanda za su faɗa rukuni na biyu. Aka sallami koci aka kawo wani.

Ku da kuke kallon ƙwallon Turai a gidan kallo ba ku san ma'anar faɗuwa a nan ba. In ƙungiya ta faɗi, manyan baƙi sun daina zuwa, 'yan kallo su ragu, a sallami rabin 'yan wasa, duk wanda ke cin abinci a jikin katangar nan ya ji a tukunyarsa.

Da aka buɗe fili muka yi murna, amma tawa ba ta daɗe ba. Aka hana ƙusoshin ƙarfe, don suna yaga robar. Sannan wani kamfani ya ɗauki nauyin kayan ƙungiya, ya kawo takalma iri ɗaya masu launin ruwan lemo, da sharaɗin kowa shi zai sa. Sabon kocin kuma mutum ne mai bin doka ƙafa da ƙafa. Choji ya kawo mini nasa da yamma bayan atisaye. Na juya shi na sake juyawa. Babu fata a jikinsa ko ta rantsuwa, wani abu ne kamar safa da aka manna wa tafin roba. Dunduniyarsa ba zurfi. Na sa ƙirgin da muka saba, ya zura ƙafa, dunduniyarsa ta leƙo waje, taku biyu takalmin ya fita.

Na rage kaurin zuwa rabi. Iyakar abin da cikin takalmin zai ɗauka ke nan. Da shi ya buga wasannin da suka biyo baya, kuma ni daga inda nake zaune ina ganin abin da 'yan kallo ba sa gani. Yana makara wajen juyawa hagu. In aka dawo hutun rabin lokaci yana dafa ƙugu. Yaran da a da ba sa iya wuce shi suka fara wuce shi. 'Yan kallo suka ce ya tsufa, koci ya ajiye shi a benci, ya sa wani matashi a wurinsa. Na sake ce masa ya je ya yi bayani, ko a ba shi izinin sa wani takalmin. Ya ce mutumin da ya ajiye shi yana ganin ƙafafunsa daidai ne, ina ga in ya ji ba daidai suke ba.

Muka rarrafa har wasan ƙarshe, a gida, farkon damina. Lissafin kowa ya san shi, har masu tallar gyaɗa: in muka yi canjaras mun tsira, in aka ci mu mun faɗi. Matashin da ya karɓi wurin Choji kuma an ba shi jan kati a wasan da ya wuce. Babu wani sai Choji.

Ya same ni ana saura kwana kaɗan, ya zauna a bencina, abin da bai cika yi ba. Ya ce, "Baba, da rabi ba zan iya ba. Yaron da zan riƙe yana gudu kamar mashin. Ka cika mani shi, ko ta ina."

Na ce hanya ɗaya ce ta rage, in raba tafin da jikin takalmin in sa sauran ƙirgin a tsakani. Na ce masa gam kaɗai ba zai riƙe ba, sai na ɗinke, kuma ɗinki da kauri za su nuna ga duk wanda ya duba da kyau. Ya ce in yi, masu dubawa ƙusa suke nema.

Ban taɓa yin aikin da ya ci mini rai kamar wannan ba. Na ɗumama tafin a kan garwashi daga nesa har gam ɗin kamfani ya saki, na bi da wuƙa a hankali, don in ta zame sau ɗaya takalmin ya tashi aiki. Na fere ƙirgin har gefensa ya yi kamar takarda. Na huda robar da basilla mai zafi, na ɗinke ta cikin kwarin da ke tsakanin haƙoran tafin, inda ido ba ya saurin kaiwa. Na haɗa fenti har ya yi kusa da launin takalmin na shafe gefen. Ya gwada a atisaye, ya wuce ta gabana ya ɗaga mini babban yatsa. Rabon da in ga ya juya hagu haka tun kafin a rufe fili.

Ranar wasa fili ya cika tun azahar, an yi yayyafi an ɗauke. Ina zaune a bakin lungu da akwatina lokacin da suka jeru. Mataimakin alƙalin wasa, wani siriri mai furfura a gemu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa na daman Choji ya wuce. Ya shafa na hagu, ya wuce, sai ya dawo. Ya riƙe ƙafar ya bi gefen da babban yatsa. Ya ce ya cire su duka biyun. Ya haɗa tafin biyu ya ɗaga su sama yana dubawa. Koci ya matso.

Mataimakin alƙalin bai yi faɗa ba, kuma ba zan zalunce shi ba, aikinsa ya yi. Ya ce, "An ƙara wa wannan abu. Ba zan bar shi ya shiga ba, sai in akwai dalili na lafiya. In akwai, likitanku ya zo ya faɗa mini yanzu, in gaya wa alƙali."

Likitan yana tsaye a nan, bai fi taku kaɗan ba. Na kalli Choji, na ƙura masa ido yadda zai gane. Ƙofa ce aka buɗe masa, magana ɗaya ce. Ya kalle ni, ya kalli koci, ya kalli abokan wasansa da suka juyo gaba ɗaya.

Ya ce, "Babu, oga. Tafin ne ya ɓare aka gyara."

Mai kula da kaya ya ruga ya kawo wani sabo daga kwali. Choji ya sa shi haka nan, ba ko rabin da ya saba da shi, don ba zai iya zaro ƙirgin ciki a gaban mutane ba. Aka miƙo mini wanda aka hana, na jefa a akwati. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin, kuma na ji tausayinsa, ban san wanda ya fi yawa ba.

Rabin farko ya riƙe. Ya daina bin yaron da gudu, ya koma tare masa hanya tun kafin ƙwallo ta iso. Bayan hutu ne jiki ya fara karɓar abinsa. Ya fara ɗingishi, kafaɗarsa ta hagu ta sauka. 'Yan kallo suka ɗauka rauni ya ji yana daurewa, suka kama kiran sunansa da ganga. Koci ya yi masa alama ko zai fito, ya kaɗa hannu. Kusa da tashi aka bugo kwana, gola ya fita bai samu ba, Choji ya fitar da ita da kai daga kan layi ya faɗi a cikin raga. Ya daɗe kafin ya tashi. Aka tashi babu ci, muka tsira.

Mutane suka diro fili suna rungume-rungume. Choji kuwa bai iya kai kansa ɗakin sa kaya ba, a bakin lungu ya kwanta, kusa da akwatina, bayansa ya riƙe. Mai tausa ya zo ya kwantar da shi rigingine, ya cire masa takalma, ya kama dugadugansa biyu ya ja don ya miƙar da shi. Sai ya tsaya. Ya sake ja, ya haɗa su. Ɗaya ba ta kai ɗaya ba. Ya ɗaga kai ya dubi koci, wanda ya zo yi wa Choji barka. Choji ya ɗora hannu a kan idonsa.

Kafin sabuwar kaka aka sallame shi, da godiya da hoto da komai. Sun ce shekaru ne. Wataƙila shekarun ne, ban shiga zuciyar kowa ba. Wata ƙungiya ba ta neme shi ba, don irin wannan labari ba ya kwana a gari ɗaya.

Damina ta yi nisa kafin in sake ganinsa. Ya sauko daga keke yana dafa ƙugu, da baƙar leda a hannu. Muka gaisa, na tambayi iyali da Mama. Ya ce yana koya wa yara ƙwallo a wata makaranta a Tudun Wada. Ya zazzage ledar, takalman zuwa coci ne baƙaƙe, ƙafa biyu. Na kifa su a cinya ina dubawa, shi kuma yana kallon ƙofar fili.

Can ya ce, "Baba, da na faɗa masu ranar nan, za su bar ni in ci gaba?"

Na so in ce masa e, ko in ce a'a, duk wanda zai fi sanyaya masa. Na ce, "Ban sani ba, ɗana."

Ya gyaɗa kai. Ya ce shi ma kullum yana tambayar kansa.

Na zura hannu cikin na hagun ina auna zurfinsa, na ce wannan zai ɗauki ƙirgi a ciki, ba wanda zai gane. Ya miƙo hannu ya karɓe shi, ya juya shi, ya nuna mini tafin.

Ya ce, "A waje za ka sa. Cikakke."

Na ce za a gani fa, har daga nesa.

Ya ce, "Su gani, Baba. Baya na yana ciwo."

Na ɗauko roba mai kauri na ɗora tafin a kai, na fara zana inda zan yanka.